Albasar fure a Sakkwato: wacce ta rayu a hannunku, kuma ta yaya kuke gane ta?

Uwargida, Mabera:
Assalamu alaikum. Wani mai sayar da shuke-shuke a bakin titi ya sayar mini da albasar fure, ya rantse amarilis ce ja, irin ta Holan. Da damina ta sauka sai ga fure fari mai jan layi a tsakiyar kowane kunne, ganyen kuma dogo, gefensa a lanƙwashe. Tana da kyau, ba na musu, amma ba ita na biya ba. Wanda ya taɓa shuka irin waɗannan a garin nan ya gaya mana abin da ya gani.

Dattijo mai lambu, Kwalkwalawa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Wagga da kika kwatanta albasar kwaɗi ce, wadda masana ke kira Crinum. Tamu ce ta nan Afirka ta Yamma, ga fadama take fitowa da kanta in ƙasa ta jiƙa. Tun muna yara munka san ta, ba wanda ke kula ta, yanzu ga shi ana saka ta cikin leda ana karɓar kuɗi. In kina son ki tabbatar, in furen ya bushe ki yanke sandar da ta ɗauko shi. Ta albasar kwaɗi cike take, ta amarilis kuwa cikinta rami ne tun daga sama har ƙasa. Ki dubi albasar ma: ta kwaɗi tana da dogon wuya, amarilis gajeren wuya gare ta. Iri shi ne shaida ta ƙarshe. Na kwaɗi dunƙule ne mai nama, na amarilis baƙi ne, fale-fale, iska ma na iya kwashe shi.

Malamin makaranta, Arkilla:
Baba ya gama magana a kan ganewa. Abin da zan ƙara, wadda muke kira amarilis ainihin sunanta Hippeastrum, asalinta Kudancin Amurka. Manyan masu fure kamar faranti duk haɗe-haɗe ne, an yi ta barbarar iri da iri shekara da shekaru, galibi a Holan da Afirka ta Kudu. Shi ya sa in ka shuka irinta ba lallai ta haifo mai kama da uwar ba. Ni na shuka irin wata ja zur, na yi ta reno kusan shekara uku kafin su yi fure, wasu suka fito ruwan lemo, wasu da fari a tsakiya. Mai son launi ɗaya ya cire 'ya'yan da ke tsirowa a gindin uwar, su ba sa canzawa.

Wajen dasawa, kada a binne ta duka. A bar kashi ɗaya cikin uku a waje, ƙasar ta zama mai yashi, tukunyar kuma da huda a ƙasa. Tawa da sanyin hunturu nake janye mata ruwa na kamar mako 8 zuwa 10, ganyen ya bushe, in na dawo da ban ruwa sai sandar fure ta riga ganye fitowa.

Uwargida, Mabera:
Malam, zafin Afrilu fa? Nan tukunyar roba har laushi take yi.

Malamin makaranta, Arkilla:
Hajiya, roba ba ta wannan gari ba ce. In zafi ya haura digiri 40 albasar dahuwa take yi a ciki. Tukunyar ƙasa, ƙarƙashin dogonyaro, inda ranar safe kawai za ta taɓa ta. Ban ruwa da yamma, kuma kada ruwa ya kwanta a wuyanta, ruɓewa take yi.

Ma'aikaciyar jinya, Runjin Sambo:
Ni ƙaramar nan ce ta fi min, mai ganye siriri kamar ciyawa, Zephyranthes. Shekara guda ba ka ganin komai, amma kwana kaɗan bayan ruwa mai ƙarfi sai ka wayi gari gefen katanga ya cika da fure, ruwan hoda ko fari ko rawaya. Ba ta neman taki, ba ta neman lallashi. Tulif kam, albasar furen nan ta ƙasashen sanyi, a haƙura. 'Yar'uwata ta kawo min daga tafiya, ko kai ba su ɗaga ba, don suna buƙatar sanyi na wata uku ko fiye, irin wanda hunturunmu bai kai ba.

Don Allah a kiyaye da yara. Amarilis da albasar kwaɗi da wannan ƙaramar duka suna da guba, suna sa amai da gudawa. Kada a ajiye su kusa da buhun albasar miya, musamman in an tone su an shanya.

Matashi, Gidan Igwai:
Akwai wata fara a gidanmu mai kunnuwa sirara dogaye, a tsakiya kuma akwai wani ɗan kofi fari. Da dare tana ƙanshi. Ita ma ta kwaɗin ce?

Dattijo mai lambu, Kwalkwalawa:
A'a ɗana. In akwai wannan kofin da ya haɗe zaren tsakiya, ba Crinum ba ce, ita ba ta da shi. In ganyen faffaɗa ne mai sheƙi, Hymenocallis ce, baƙuwa daga Amurka. Tana son ruwa ƙwarai, ka matsar da ita kusa da inda kuke alwala. Ka turo hoton ganyen da na furen mu gani.