Neman kalma: "half-cock" na tsohuwar bindiga mai baki biyu

Mai_Fassara: Salamu alaikum. Ranar Laraba za a sa shirinmu kan bindigogin farautar Ingila na ƙarni na 19, masu baki biyu da ake ɗura wa albarushi ta baki. "Half-cock" ya ƙi fassaruwa. Malamai, a taimaka.

Ɗan_Maƙera: Rabin ɗani. Ƙarfen da ke juyawa tare da guduma, wato abin da ake ja baya in za a ɗana bindiga, tsaga biyu gare shi. A ja na farko haƙori, wato ɗan ƙarfen da kunama ke ɗagawa, yana faɗawa tsaga mai zurfi, ko an danna kunama ba ya fita. A wannan matakin ake sa wa bindiga hular wuta, wadda guduma ke doka ta kunna albarushi. Tsaga ta biyu ba zurfi, ita ce ta harbi.

Sarkin_Baka: Kowa "sefti" yake cewa. A bar shi haka.

Malam_Nahawu: Sefti kuma? Harshen da ke da "sakata" ne zai je aro? Wannan raini ne.

Ɗan_Maƙera: Allah gafarta Malam, sakata daban ce. Wasu na da ɗan ƙarfe a bayan guduma da ake turawa ya kulle ta bayan an yi rabin ɗanin. Joseph Manton na Landan ma ya yi wata mai nauyi da ke faɗawa da kanta in an miƙe bindiga tsaye za a yi ɗuri. In an ba wa tsagar sunan sakata, waɗannan fa?

Malam_Nahawu: To "ɗanin aminci".

Ɗan_Maƙera: Ba aminci a ciki. In bakin tsagar ya cinye, ko haƙori ya hau gefenta bai shiga ba, faɗuwa ɗaya bindiga ta tashi. Shi ya sa in za a sauke guduma ake wuce tsagar, sannan a ja baya har a ji ƙas. Kuma in an harba baki ɗaya, a cire hular ɗayan kafin a sake ɗuri, don hannu na kan bakin da ke cike.

Sarkin_Baka: Ku masu kamus, wanne cikinku ya taɓa ɗura adaka?

Malam_Nahawu: Da adaka ake gyara harshe, ranka ya daɗe? Kuma "rabin ɗani" Turanci ne aka sa wa riga.

Mai_Fassara: A yi haƙuri. Na ɗauki "rabin ɗani", "sakata" kuma ga mai turawar. Ta Manton fa?

Malam_Nahawu: Je ki da shi, amma ban sa hannu ba. Ta Manton sai na duba.