Hawan sallah ne ko tashe? Gardama kan bikin dawakin Louisiana

Baban Khalifa: Jama'a na ga bidiyon wasu turawa a garin Mamou, jihar Louisiana a Amurka, sun hau dawakai da kaya kala-kala, wallahi hawan sallah ne sak, sarki kawai babu.

Ɗan Gobir: Haba Alhaji, wane hawan sallah? Ni fa na bi su da ƙafata lokacin ina karatu a can, Courir de Mardi Gras suke ce masa. Bara ce zalla. Tun asuba suke fita gida-gida cikin gonaki, kyaftin ɗinsu da alkyabba da farar tuta shi kaɗai zai ƙarasa ya nemi izinin maigida, in an yarda ya kaɗa tutar sai kowa ya sukwano, a yi rawa a yi waƙa da Faransanci ana roƙon shinkafa da albasa, can sai maigida ya cilla kaza sama, ka ga ƙarti sun diro daga doki suna birgima a taɓo a kan kaza ɗaya tal. Da yamma a haɗa komai a dafa miyar gumbo a ci. Wane hakimi ka taɓa gani yana bin kaza?

Maman Ilham: To ai tashe kenan kawai 😂

Baban Khalifa: Hajiya tashe da doki? Kuma tashe cikin azumi ake yi.

Ɗan Gobir: Su ranar Talatar jajibirin azuminsu na Kirista na kwana 40 suke yi, shi ya sa ake cika ciki, giya kam kamar ruwa, ni lemo na riƙe har aka tashi.

Abba Fagge: Ni dogayen hulunan nan masu tsini da rufe fuska ne ba su kwanta min ba, kamar 'yan KKK, ƙungiyar turawan Amurka masu ƙin jinin baƙar fata.

Ɗan Gobir: A'a ƙanina, hular ta girmi KKK, daga Faransa al'adar ta taso, talakawa ke kwaikwayon masu mulki don shaƙiyanci. Kakannin mahayan nan ma 'yan asalin Faransa ne, korarsu Ingila ta yi daga Kanada a 1755.

Baban Khalifa: Duk da haka dai akwai doki, akwai kiɗa, akwai jagora.

Maman Ilham: Alhaji gobe ka gwada zuwa hawan daushe ka roƙi albasa, mu ga yadda za ku ƙare da dogarai.