Shin rigar matashin kai tana kawo ƙurajen fuska?

Maman Biyu, Tawa:
Assalamu alaikum. Ɗiyata mai shekara 16 tana fama da ƙurajen fuska tun shigowar bazara, kuma na lura sun fi yawa a kuncin dama, wanda take kwanciya a kansa. Wata maƙwabciyata ta ce in saya mata rigar matashin kai ta siliki, wai ita ce magani. Shin da gaske yadin yana da hannu a ciki, ko kuɗina kawai zan zubar?

Ma'aikaciyar jinya, Yamai:
Wa alaikumus salam, Maman Biyu. Tushen ƙurajen a cikin fata yake. A shekarun balaga jiki yana ƙara fitar da maiƙo, maiƙon ya haɗu da matacciyar fata ya toshe ƙofofin gashi, sai ƙwayoyin cuta su samu wurin yaɗuwa. Rigar matashi ba ta haddasa wannan, amma takan tsananta shi, domin kullum dare tana shan gumi da ƙura da man kitso, sannan ta mayar da su kan kunci. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Tawa yake haura digiri 40, a riƙa wanke ta sau biyu a sati, a ɗauraye sabulun sosai, a shanya a rana. Abin da ya fi damuna shi ne man ƙara hasken fata, wanda da yawansa yake ɗauke da sinadarin kortizon, kuma shi kansa yana fesar da ƙuraje. Idan ɗiyarki tana shafawa, ko ƙurajen sun fara barin tabo, ki kai ta wurin likitan fata.

Tela, kasuwar Wadata:
Hajiya, mafi yawan abin da ake kira siliki a kasuwa yadin roba ne mai sheƙi, ba ya shan gumi, kuma a wannan zafi fuska takan kwana a jiƙe a kansa. Ki nemi auduga tsantsa mai laushi. Idan kina shakka, ki zare zare ɗaya ki kusanta shi da ashana: na auduga yana cin wuta ya zama toka, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule.

Maman Biyu, Tawa:
Allah ya saka muku da alheri. Ba ta shafa man haske, amma man kaɗe take lafta wa kitsonta, kuma ba ta ɗaura kallabi idan za ta kwanta. Gobe zan ba da ɗinkin riguna uku na auduga domin ta riƙa canzawa.