Neman shawara: zuba garin ɓawon kwakwar manja a cikin roba

Mai tambaya, daga Dakata:
Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar masana'anta inda muke narkar da tsofaffin robobin da muke saye wurin 'yan jari-bola, muna yin tukwanen shuka fulawa da bokitai. Roba ta yi tsada, kuma mai kawo manja daga Edo ya ce zai iya haɗo mini ɓawon kwakwar manja, wanda ke saura bayan an cire ƙwarar da ake yin alayyadi. Na ji ana niƙa shi a cakuɗa da roba domin ta yi auki. Shin zai yi, kuma nawa ake zubawa?

Wani injiniya daga Sharaɗa:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Zai yi, amma ya danganta da robar. Garin yana fara ƙonewa idan zafi ya haura digiri 200, saboda haka robar jarka da ta kujera, wato HDPE da PP, masu narkewa a wajen digiri 130 da 165, su ne suka dace. Robar gorar ruwa kuwa sai kusan digiri 250, kafin nan garin ya ƙone. Babban abin tsoro shi ne danshi, domin garin yana shan ruwa, kuma idan bai bushe ba tururi zai bar ƙananan ramuka a ciki, ka ga tukunya sumul a ido, amma da ka matsa bakinta ta tsage. A busar da shi a tanda, a tankaɗe shi sosai, ka fara da kashi 10 cikin 100.

Wata malamar kimiyya:
Alhaji, garin yana ƙara wa kaya tauri, amma yana rage masa jure bugu, don haka ni ban ba da shawarar bokiti ba, wanda kullum ake jefa shi a bakin rijiya. Jiƙa garin a ruwan sodar da ake yin sabulu da ita, a wanke, a busar, yana taimaka masa ya kama roba.

Wani dattijo mai injin niƙa:
Ɗana, ka lissafa kuɗin mota daga Kudu tukuna, sannan ka sani ɓawon nan yana cinye haƙoran inji. Ɓuntun shinkafa yana nan jibge a Kura, shi ma ana zuba shi a roba. Ka gwada buhu guda na kowanne kafin ka yi odar tirela.