Me za mu kira "callback" da Hausa?

Malamar Kwamfuta: Salamu alaikum. Asabar zan koyar da JavaScript, harshen rubuta manhajar kwamfuta, da Hausa, na cije a kan callback. Fankshin ne, wato guntun umarni mai yin wani aiki, da kake rubutawa amma ba kai za ka kira shi ba, kana miƙa wa wani fankshin ɗin ne, shi ya kira. Kamar setTimeout: ka ba shi aikin da lamba 3000, bayan daƙiƙa 3 ya aiwatar. A agaza kafin Juma'a.

Bazazzagi: Mayar da kira.

Malamar Kwamfuta: Yaran za su ɗauka filashin aka yi musu.

Ɗan Damagaram: A nan "fonction de rappel" muka koya. Ku ce kiranye, magana ta ƙare.

Bazazzagi: Kiranyen da ake yi wa sanata, ko na boka? Ni dai na koma "aikin ko-ta-kwana", tunda zaman jira yake, kamar na addEventListener da ke jiran a danna maɓalli.

Injiniya: Ba kowanne ke jira ba, Malam. Wanda ka ba forEach, mai bin jerin abubuwa ɗaya bayan ɗaya, nan take ake kiransa, haka na qsort, mai tsara jeri a harshen C. Jigon shi ne ka damƙa aikin a hannun wani. Sallahu ke nan. Ka ba mai tafiya kasuwa sallahu, shi zai isar, ba kai ba.

Ɗan Damagaram: Ai dama. In kalma ta fito daga Nijar sai an yi mata ba'a. Kiranye Hausa ce tsantsa, kakanninmu sun san ta kafin a ƙera kwamfuta.

Bazazzagi: Daga Faransanci fa ka juyo ta, yallaɓai.

Ɗan Damagaram: Ku da kuke cewa "fankshin" ne za ku yi mini gori?

Injiniya: Tun 2015 aka shigo da Promise, 2017 aka kawo async/await, hanyoyin da suka rage buƙatar callback a JavaScript, mu muna nan muna rigimar Damagaram da Zariya. Wanda zai nemi aiki ma dole ya san sunan Turancin.

Malamar Kwamfuta: Na gode, yayyena. Zan rubuta "sallahu" a allo, in faɗi na Turancin da baki. Callback ɗin da ke cikin wani, cikin wani, har a rasa kansa kuma fa?

Bazazzagi: Sallahu kan sallahu.

Ɗan Damagaram: To, a yi hakan. Amma a ajina kiranye ne.