Shin da gaske rawar tango tana taimaka wa masu ciwon kakkarwa?

Maman Ilham, Gwammaja:
Assalamu alaikum. Mahaifinmu yana fama da cutar Parkinson, hannunsa yana kakkarwa, kuma wani lokaci ƙafarsa takan kafe a bakin ƙofa har sai an kama shi. Ƙanena ya turo mini bidiyon wasu tsofaffi masu irin wannan lalura a Amurka suna koyon tango, wai tana gyara musu tafiya. Ina roƙon masana su faɗa mana gaskiyar lamarin, domin Baba dattijo ne da ba zai taɓa riƙe wata mace da sunan rawa ba.

Mai aikin gashin ƙashi, Fagge:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba Baba lafiya. Maganar tana da tushe, domin masu bincike a Jami'ar Washington da ke St. Louis sun gwada tango a kan masu wannan cuta, suka ga tafiyarsu ta ƙara daidaita. Cutar tana rage sinadarin dofamin a ƙwaƙwalwa, sai tafiyar da mutum ya saba yi ba tare da tunani ba ta gagara, amma idan kunne ya sami bugun kiɗa mai tsari, ƙafa takan bi shi ta ɗaga. Ita kuwa tango, wadda ta taso a biranen Buenos Aires da Montevideo da ke Kudancin Amurka, kusan duk tafiya ce: a yi gaba, a yi baya, a juya, a tsaya cak sannan a sake tashi, waɗanda su ne ainihin abubuwan da ke yi wa mai cutar wuya. Ba sai da mace ba. Ɗansa yana iya riƙe shi a damatsa suna fuskantar juna, bayan an naɗe tabarma an kawar da duk abin tuntuɓe. Sai dai wannan ba ya warkar da cutar, kuma kada a bar magani ko a fara ba tare da sanin likitansa ba.

Malamin tarihi, Kabuga:
Ina so in ƙara cewa kiɗan nahiyar can ba baƙonmu ba ne. Salsa, wata rawa da kiɗa ta mutanen can, ta bunƙasa a New York a shekarun 1960 da 1970, amma jijiyarta tana Kuba, inda bayin da aka kwasa daga Afirka suka riƙe kiɗansu, har gangunan bata na Yarbawa suna nan a can. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fitar da rahoto a 2019 kan amfanin kiɗa da sauran fasahohi ga lafiya. Tunda haka ne, me zai hana a sanya wa Baba kalangu ko kiɗan ƙwarya, wanda kunnensa ya saba da shi?

Mai aikin gashin ƙashi, Fagge:
Malam, na yarda da kai, domin kiɗan da mutum yake ƙauna ya fi sa shi dagewa. Sharaɗin kawai shi ne bugun ya tsaya a kan sauri ɗaya, kuma makaɗin kalangu yakan ƙara wuta idan wasa ya yi daɗi, kamar yadda salsa ma ta yi wa mai farawa sauri. Hajiya, ku fara da tafi a hankali kuna ƙirga ɗaya, biyu, a lokacin da maganinsa yake aiki sosai, wani kuma ya tsaya a bayansa saboda faɗuwa.