Abin da masu harbin gasa suka ce kan gyaran tsohuwar libarba

Maganar dai kan Smith & Wesson K-38 ce, wadda Amurkawa ke harbin gasa da ita tun 1947, daga 1957 aka koma kiranta Model 14. Da ake tattauna gyaranta, yawancin masu harbin gasa cewa suka yi in baƙin jikinta na asali bai ci tsatsa ba to ka bar ta haka, don ana sake mata launi darajarta ta faɗi, balle a samu mai gyara mai nauyin hannu ya goge ta har rubutun kamfani ya dushe, kusurwoyi su zama kamar tsohon sabulu. Mai da tsumma sun isa.

Mariƙi kam canza abinka, amma ka adana na katakon.

Inda aka fi ja-in-ja shi ne sifirin da ke ba da ƙarfin bugun harsashi, wai a sa mai laushi kunama ta yi sauƙi, wasu suka ce ai in ya cika laushi sai ka ja harsashi ya ƙi tashi, ni ma nan na tsaya gaskiya. Kafin komai a kai wa gwani ya duba ko gangar harsashi, wato ɓangaren nan mai juyawa da ake zuba harsasai a ciki, na tsayawa daidai da bututu.